Sakin Layin Da Baba Ya Goge

Ku yi haƙuri da shirun da kuka ji na yi kwana biyu. Na ga saƙonninku duka, har da na baiwar Allahn nan da ta ce in dai yanga zan ci gaba da yi wa Taneli, in taimaka in turo mata lambarsa. 'Yar'uwa, ki ɗan dakata ki karanta na yau tukuna. In kin gama har yanzu kina so, sai mu yi magana.

Ga waɗanda yau suka fara shigowa: sunana Vilja, shekarata ashirin da bakwai. A Kajaani aka haife ni, wani ƙaramin gari a ƙasar sanyi can arewacin duniya, kuma a nan nake har yau, duk da ƙawayena sun watse, wasu Oulu wasu Helsinki. Kakana ne ya kafa mujallar maharba da ake kira Sawun Daji, Babana ne editanta yanzu. Ni kuma ni ce mai gwada bindigogi in rubuta abin da na gani, ni ce mai tsara shafuka, ni ce mai dafa kofi, ni ce mai kwashe dusar ƙanƙarar bakin ƙofa. Ofishin yana ƙasa, ɗakina yana sama, matakala goma sha huɗu ce tsakanin gadona da teburin aikina. Wani makon sai ya ƙare in lura ban yi magana da kowa ba sai Baba da matar da ke kawo wasiƙu.

Taneli kuwa ɗan gidan da ke shigo da bindigogin farauta ne daga waje, kamfaninsu yana Oulu. Tun ban iya karatu ba tallarsu ke bangon bayan mujallarmu, ban da shafukan da suke ɗauka a ciki. Shekara ɗaya da rabi ke nan yana nemana. Mama ta riga ta aurar da mu a zuciyarta, har cocin ta zaɓa.

To, ga abin da ya hana ni rubutu.

Ranar Talata da safe na ɗauki sabuwar bindigarsu, wadda suka sa wa suna Korpi, na nufi filin gwaji. Ita ce za ta hau bangon fitowar Kirsimeti, an riga an ɗauki hotonta a kan fatar barewa. Sanyin ranar ya kai ashirin da huɗu ƙasa da sifili. Na saka wandon ulu biyu, na zura tsohuwar rigar sanyin Baba mai ruwan toka wadda gwiwar hannunta ta huje, na ɗora falmaran maharba mai ruwan goro, na ja hular da Mama ta saƙa min har kan gira. Ko madubi ban kalla ba. Wa zai gan ni? Filin babu kowa, sai sawun zomo ɗaya da ya ratsa ta gaban allunan da ake auna harbi a kansu.

Kakana yana da wata ƙa'ida: bindigar da za a sayar wa mutumin arewa, sai an bar ta a waje ta sha sanyi awa guda kafin a harba. Yanzu babu mai yin haka sai ni. Na jingine ta, na shige 'yar bukkar filin na sha kofi biyu daga fulas, na dawo.

Na kwanta a kan shimfiɗar roba, na saka harsashi, na rufe makullin kariya, na saita ta ga allo. Sai na tura makullin da babban yatsana don in buɗe. Yatsana na harbi yana miƙe a gefe, ko kusa da kunamar bindigar bai je ba.

Bindigar ta tashi.

Ƙarar ta ratsa dajin ta dawo min. Na daɗe a kwance ina kallon yatsan nan kamar na wani ne aka ara min. Na ce a raina, Vilja, ke ce, safar hannu ce ta taɓa. Na cire safar, na jingina wayata a jikin jaka tana ɗauka, na sake. Sau ashirin na gwada, sau uku ta tashi da kanta. Na shigar da ita bukka ta yi ɗumi, na sake fitowa na gwada, lafiya lau kamar ba ita ba.

Ku da ba ku taɓa shiga daji da bindiga ba, bari in gaya muku lokacin da maharbi ke buɗe makullin nan. Lokacin da ya ji motsi ne. Wata rana karensa na gabansa. Wata rana ɗan'uwansa ne taku goma a gaba.

Tun a cikin mota na tura wa Taneli bidiyon. Na ga alamar ya buɗe. Minti arba'in babu amsa. Sai ga saƙo:

"Kin ci abinci kuwa?"

"Ka ga abin da na turo?"

"Na gani. Kar ki tura wa kowa. Ga ni nan zan kira."

Ya kira ina tsaye a kicin ban ko cire takalmi ba.

"Vilja tawa, hala maiko ne ya daskare a ciki."

"Na wanke ta tas kafin in fita."

"To guda ɗaya ce aka samu da matsala. Gobe zan sa a kawo miki wata."

"In waccan ta yi kyau, wannan fa?"

"Wannan sai ta dawo mana, mu duba."

"Nawa kuka sayar?"

Ya yi dariyar nan tasa mai taushi da ke kashe min jiki. "Ke dai da taurin kai. Wallahi shi ya sa nake son ki. Ki sha abu mai zafi, muryarki rawa take yi."

Kun san abin haushin? Na ji daɗin maganar. Duk faɗin garin nan babu wanda zai lura muryata na rawa sai shi.

Laraba na zauna na rubuta. Shafi huɗu. Ban ƙi faɗin alherinta ba: ba ta da nauyi, katakonta kyakkyawa ne, harsashi biyar ta tara min wuri ɗaya kamar da hannu aka jera su. Sai sakin layi ɗaya kusa da ƙarshe, layi bakwai, inda na faɗi abin da ya faru da adadin sau nawa, na ce duk wanda ke da ita kada ya fita da ita cikin tsananin sanyi sai an duba masa. Na ajiye a inda Baba ke dubawa, na hau sama na soya ƙwai ɗaya na ci a tsaye jikin taga.

Alhamis da hantsi ya kira ni. Teburinsa da nawa taku uku ne tsakani, amma ya kira sunana kamar ina wani gari.

"Vilja, zo ki gani."

Ya ture tabaransa zuwa goshi. A kan kwamfutarsa rubutuna ne, komai yana nan, ban da layi bakwai ɗin. A madadinsu an saka layi ɗaya: *Kamar kowace bindiga, tana son kulawa a lokacin tsananin sanyi.*

"Baba, mene ne wannan?"

"Gyara ne. Aikina ke nan."

"Ba kulawa take so ba. Harbi take yi da kanta."

"Olavi ya kira ni jiya." Olavi shi ne mahaifin Taneli. "Ya ce masana'anta na kan maganar. Za su gyara."

"To mu rubuta haka. Mu ce tana da matsala, ana kan gyara."

"Ki zauna."

"A tsaye ma ina ji."

Ya sauke tabaran, ya dube ni ta samansu. Babana mutum ne da bai taɓa ɗaga min murya ba, kuma ranar ma bai ɗaga ba. Da ya ɗaga da ya fi min sauƙi.

"Lokacin da na karɓi mujallar nan, mu shida ne a ƙasar nan masu irin wannan aikin. Ki ƙirga min waɗanda suka rage. Masu karatunmu tsufa suke yi suna mutuwa, matasa kuma a waya suke kallon komai kyauta. In Olavi ya janye shafukansa, sauran ma za su bi shi, don duk a tebur ɗaya suke cin abinci. Fitowar bazara ba za mu gan ta ba."

"Sai mu yi ƙarya ke nan?"

"Ina ƙaryar? Karanta layin. Akwai kalma ɗaya ta ƙarya a ciki?"

Na karanta. Babu. Abin da ya fi ƙona min rai ke nan.

"Baba, sau nawa ka taɓa yin haka?"

Ya ɗan murmusa, murmushin gajiya. "Shekara huɗu kina aiki a nan. Kin taɓa ganin mun ba wani abu ƙasa da tauraro huɗu cikin biyar? Kin ɗauka duk abin da aka ƙera a duniya mai kyau ne?" Ya juya kujerarsa. "Madubin hangen nesan nan na kan bindiga, na bara, wanda ya yi miki hazo a ruwan sama. Me kika rubuta?"

Jama'a, nan ne inda ban so in zo ba, amma na yi alkawarin ba zan ɓoye muku ba. Madubin na kamfanin su Taneli ne, a watan da muka fara fita tare. Ya yi hazo har ban iya ganin allo ba. Abin da na rubuta shi ne: *ya fi nuna kansa a busasshen yanayi.* Baba bai taɓa min ko harafi ba. Ni da hannuna na rubuta, har ina jin daɗin yadda na iya zagaye magana.

"Wancan madubi ne," na ce, muryata can ƙasa. "Ba ya kashe mutum."

"Litinin sha biyun rana ake tura wa maɗaba'a," in ji shi. Ya mayar da fuskarsa kan kwamfuta.

Juma'a wayar ofis ta yi ƙara, Baba yana gefe yana buɗe wasiƙu. Wani dattijo ne daga Suomussalmi, Kauko, mai karanta mu tun zamanin kakana. Yakan kira sau biyu a shekara ya gyara mana kuskuren rubutu.

"'Yar gidan edita ce? Yauwa, ke nake nema. Jikata ta ci jarrabawar maharba, ta fi duk samarin ajinsu, har sun koma gida suna ƙunƙuni. Ina so in saya mata Korpin nan na Kirsimeti. Mai shagon yana ta zuba min surutu, na ce masa kai sayarwa kake yi, bari in ji daga bakin Vilja."

Na ji hannun Baba ya tsaya a kan wasiƙa.

"Kauko... ka jira fitowar mujallar."

"Ah, sirrin sana'a ke nan!" Ya kwashe da dariya har da tari. "To zan jira. In kin ce tana da kyau, shi ke nan, ko farashi ba zan taya ba."

Na ajiye wayar. Ni da Baba babu wanda ya kalli wani. Kalma uku ce, kar ka saya, amma ta ƙi fita daga bakina.

Da aka tashi na hau sama na kira Henna, ƙawata tun firamare, tana Helsinki yanzu da jaririyarta. Ta ɗauka ina jin kuka a bayanta.

"Vilja! Ya faɗa miki? Ya fito da zoben?"

"Ba shi ba ne. Wata matsala ce ta aiki, akwai wata bindiga..."

"Ke kin san ni da zancen bindigoginku. Tsaya, ta yi amai a kafaɗata. Zan kira ki anjima, kin ji?"

Ba ta kira ba. Ban ga laifinta ba. Na kunna 'yar fitilar taga, na zauna a kan darduma ina kallon motocin da ke wucewa ɗaya-ɗaya.

Asabar ranar sauna ce, wato wankan tururi, a gidan iyayena, mata su fara, maza su biyo baya. Ni da Mama muka hau benci na sama. Ta watsa ruwa a kan duwatsu, tururi ya taso ya rufe mu, sai da ta bari zufa ta karyo min sannan ta fara. Haka take yi tun ina ƙarama, ta san a nan babu inda zan gudu.

"Mahaifiyar Taneli ta kira ni."

"Uhm."

"Tambaya take, azurfa kike so ko zinariya. Na ce 'yata ko agogo ba ta ɗaurawa, su saya abin da ya yi musu." Ta goge fuska. "Gobe zai zo cin abinci. Ki saka koriyar rigar nan, ba tsumman Babanki ba."

"Mama, kin san abin da ke faruwa?"

"Na san Babanki ya daina barci. Na san likita ya ƙara masa ƙwayar hawan jini. Shekara talatin da ɗaya yana shiga ofishin nan ƙarfe bakwai, in aka rufe shi ina zai je? Ya zauna min a kicin yana kallon bango?"

"Wani zai iya mutuwa."

"Zai iya. Mota ma tana iya kashe mutum." Ta ƙara ruwa, duwatsun suka yi tsuwwa. "Layi bakwai, Vilja. Gida biyu za ki rusa a kan layi bakwai? Kuma ki gaya min, in yaron nan ya tafi, wa ya rage miki a garin nan? Tsofaffin da kike bi daji? Ni fa ba zan dawwama ba. Ina so in rufe ido na san akwai mai tambayarki ko kin ci abinci."

Ta kamo hannuna ta matse. Tafin hannunta duk ya yi kanta, na shekarun wankin kwanoni a kicin ɗin makaranta. Na gode wa tururin, don ba a gane hawaye da zufa.

Lahadi na saka koriyar rigar. Har 'yan kunnen kakata na saka, na shafa jan baki kaɗan, na goge, na sake shafawa. Taneli ya iso ƙarfe ɗaya cikin baƙar kwat mai tsawo, da furanni na Mama da kwalbar giya ta Baba. Mama ta dafa naman farautar bana da markaɗaɗɗen dankali, ga jajayen 'ya'yan itacen daji masu tsami a gefe. Ya ci faranti biyu yana yaba ta har kunnenta ya yi ja. Aka yi zancen tayoyin mota, aka yi zancen wasan ƙanƙara, aka yi zancen kyarkecin da aka gani kusa da iyaka. Sunan Korpi bai fito daga bakin kowa ba.

Bayan kofi ya ce in raka shi mota. Ya kunna injin don ɗumi, muka zauna gilashi yana hazo.

"Na yi magana da masana'anta," ya ce. "Wani ɗan ƙarfe ne a ciki, sanyi ke sa shi tsukewa. Za a canza wa kowa kyauta. Duk wanda ya kawo tasa dubawa a bazara, za mu saka masa sabo ba tare da hayaniya ba."

"Bazara? Taneli, har Janairu ake farauta. Yanzu sanyin ya fara."

"Ba mu da kayan gyaran yanzu. In muka yi shela babu abin gyarawa a hannu, mun mutu. Mutum goma sha tara ke aiki a ƙarƙashin Babana." Ya juyo ya riƙe fuskata da hannu biyu, hannunsa ɗumi. "Ni ba ƙarya na ce ki yi ba. Wata huɗu kawai nake roƙo."

Sai ya ciro ɗan akwati daga aljihu. Ban buɗe ba. Na ce masa ba yau ba. Bai yi fushi ba, ya zura shi a aljihun rigar sanyina ya ja zif.

"Ki riƙe. Ba sai kin ba ni amsa ba. Ina nan."

Ku faɗa min gaskiya, ku da kuke cewa in rabu da shi tun watan jiya: da ku ne a motar nan, za ku iya?

Yau Litinin. Na sauko ƙarfe takwas, Baba ya riga ni. Muka duba shafuka ɗaya bayan ɗaya kamar kullum, labarin karnukan farauta, girkin naman agwagwa, wasiƙun masu karatu. Sha ɗaya da kwata ya miƙe ya ɗauki hularsa.

"Zan kai mota a duba min batir."

"Yanzu?"

"Komai yana nan a shirye. Ai ke kike turawa kullum."

Ya fita bai waiwayo ba. Har yanzu ban sani ba, gudu ya yi don kada ya ga hannuna ya tura gyaransa, ko hanya ya ba ni. Wataƙila shi ma bai sani ba.

Na buɗe shafi na ashirin da uku. Na goge layinsa, na mayar da nawa bakwai. Shafin ya cika ya tumbatsa, sai na rage hoton bindigar don su samu wuri. Sha biyu saura ashirin komai ya zauna daidai. Na ɗora hannu a kan linzamin kwamfuta, na kasa dannawa.

Ƙararrawar ƙofa ta kaɗa. Taneli ne. Ashe bai koma Oulu ba, a masauki ya kwana. Rigar jiya ce a jikinsa, bai yi aski ba, idonsa ja. Ya zagayo bayana ya karanta abin da ke kan allon. Ya ja kujerar Baba ya zauna.

"Kar ki tura. Akwai abin da ba ki sani ba."

Na ɗauke hannuna daga kan linzamin.

"Can arewa, wasu 'yan'uwa biyu sun fita farauta. Babban yana baya da Korpi. Ta tashi, ta samu ƙanen a cinya." Ya shafa fuska. "Yana da rai. Yana asibiti, ana ƙoƙarin ceto ƙafar. 'Yan sanda sun duba bindigar a ofishinsu, cikin ɗumi, ba su ga komai ba. Aka rubuta cewa yatsansa ne ya taɓa kunama. Shi ma ya yarda. Ya sa hannu."

"Ya yarda shi ya harbi ƙanensa?"

"In wannan ya fito, za a sake buɗe maganar. Ba talla ba ce kuma, Vilja, kotu ce. Babana shekararsa sittin da takwas."

Na juya kujerata na fuskance shi.

"Yaushe abin ya faru?"

"Vilja..."

"Yaushe?"

"Uku ga wata."

"Yaushe kuka ji?"

"Washegari. Mai shagon da ya sayar ya kira mu. Mutumin ya ce masa da farko shi bai taɓa komai ba."

"Goma ga wata ka kawo min ita. Da hannunka ka ɗora ta a kan teburin nan. Ka sumbace ni a goshi, ka ce in yi mata adalci."

"Ba mu tabbatar ba a lokacin! Kuma na san ki. Na san ke ba za ki taɓa juya bakinta ga mutum ba, duk ƙasar nan babu mai kula irinki. Na san ba abin da zai same ki."

"Ka sani?"



Ban yi ihu ba. Na yi mamakin kaina ma. Na juya na danna. Muka zauna mu biyu muna kallon ɗan koren layin yana cika a hankali, har ya kai ƙarshe, saƙon maɗaba'a ya shigo cewa sun karɓa. Sha biyu saura minti shida.

Na ciro akwatin daga rigar sanyina da ke rataye, na ajiye a gabansa.

"Ka ba ni sunan mutumin."

"Ba zan iya ba."

"To ka gaida gida."

Ya ɗauki akwatin. A bakin ƙofa ya tsaya kamar zai ce wani abu, sanyi yana ta shigowa, sannan ya ja ta a hankali.

Baba ya dawo ƙarfe ɗaya. Ya karkaɗe takalmansa, ya rataye hula.

"Wanne kika tura?"

"Nawa."

Na gaya masa sauran, na 'yan'uwan nan biyu. Ya saurara a tsaye, hannunsa ɗaya a kan kujera. Da na gama ya gyaɗa kai sau biyu.

"Mamarki za ta kira ki," ya ce.

Ya wuce ɗan kicin ɗin ofis. Shekara huɗu ban taɓa ganin ya taɓa tukunyar kofin nan ba, yau ya dafa da kansa. Kofi ɗaya ya zuba. Ya zauna da shi a teburinsa, bai kunna fitila ba, ya ba ni baya.

Na hawo sama. Ƙarfe uku ne kawai amma gari ya riga ya yi duhu. Mama ta kira sau tara, ta turo saƙo ɗaya: "Na gode da abin da kika yi wa Babanki." Henna ta turo hoton jaririyarta cikin hular Kirsimeti. Na kifa wayar a kan gado, na zauna a ƙasa da rigar aikina.

Uku da rabi ta sake motsi. Na ɗauka Mama ce. Taneli ne. Babu gaisuwa, babu Vilja tawa. Sunan mutumin nan ne kawai, tare da sunan ƙauyensu, sai layi ɗaya a ƙasa: "Ban turo miki komai ba."

Na nemi lambar wayarsa a wurin masu ba da lambobin waya, ba a yi minti biyu ba suka turo. Na rubuta ta a bayan hannuna, na yi ta kallonta. Me zan ce masa? Ni ce wadda ta san gaskiya tun Talata ta yi shiru? Ni ce budurwar ɗan gidan da ya sayar maka? Mako uku mutumin nan yana zuwa asibiti yana kallon ƙanensa, yana ganin hannunsa ne ya yi.

Na danna. Ta yi ƙara sau shida, har na yi niyyar kashewa. Sai aka ɗauka. Na ji hayaniyar wuri mai mutane, da ƙarar keken tura marasa lafiya yana wucewa. Wata murya ta namiji, a dishe, kamar ta wanda ya daɗe bai yi magana ba, ta ce:

"Wa ke magana?"

"Sunana Vilja," na ce. "Don Allah ka samu wuri ka zauna."